Babi na Shida: Na Ciki Sun Rufe Ƙofa

A Amurka mutum yana iya mallakar fili, takardunsa cikakku, kuɗin gini a hannu, masu neman haya suna jira, amma ya shekara goma bai haƙa harsashi ba. Idan ka bincika abin da ya tsayar da shi, sau da yawa za ka tarar maƙwabta ne. Su ma ba sanda suka ɗauka ba. Zauren ƙaramar hukuma suka je da dare, kowa ya karɓi makirufo na minti biyu ko uku, ya ce shi fa ba ya ƙin a gina gidaje, wurin ne kawai bai dace ba.

Akasarin waɗannan maƙwabta mutanen kirki ne: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, tsofaffi 'yan fansho, masu gyara ƙofar gidansu suna gaisawa da na kusa. Idan ka zauna da kowannensu, hujjarsa tana da ƙamshin gaskiya. Amma idan kowace unguwa ta ce a kai gaba, aka rasa wadda za ta ce a kawo nan, sai a wayi gari ƙasa mai tarin arziki ta kasa samar wa 'ya'yanta wurin kwana. Babu garin da ya nuna yadda abin yake gudana, daga farkonsa har ƙarshensa, kamar Mount Laurel.

Garin da ya sallami 'yan asalinsa

Har zuwa bayan yaƙin duniya na biyu, Mount Laurel ƙauyen manoma ne a kudancin jihar New Jersey, ba nisa da birnin Filadelfiya. A ƙidayar 1950 mutanensa 2,817 ne. Cikinsu akwai iyalai baƙar fata waɗanda kakanninsu suka zauna a yankin tun kafin Amurka ta sami 'yancin kai. Ƙodago suke yi a gonakin Turawa, suna da cocinsu mai suna Jacob's Chapel, da maƙabartar iyayensu a kusa da shi.

A farkon shekarun 1950 babbar hanyar mota ta ratso garin, aka yi mata mashiga a nan. Wanda yake aiki a Filadelfiya ko Camden ya ga zai iya kwana cikin shiru da iska mai kyau, ya kuma isa ofis a kan lokaci. Manoma suka shiga sayar da gonaki, kamfanonin gini suna yanka su fuloti-fuloti. A 1960 mutanen garin suka zama 5,249, a 1970 suka kai 11,221. Gonar da ta zama unguwa kuwa ba ta bukatar ɗan ƙodago. Talakawan garin suka taru a wani sashe da ake kira Springville, cikin bukkoki da tsofaffin akurkin kaji da aka yi wa kwaskwarima aka mayar ɗakunan kwana, wasu ko famfo babu. Dabarar hukumar garin ita ce ta jira a tashi daga irin wannan gida, ta hana kowa sake shiga. Gidan talaka yana raguwa ɗaya bayan ɗaya, ba a gina madadinsa.

Wata malamar makarantar rainon yara, Ethel Lawrence, haifaffiyar wurin, ta haɗa kai da maƙwabtanta a ƙarshen shekarun 1960. Suka sami fili, suka tsara gina gidajen haya 36 da tallafin gwamnati. Abu ɗaya ya rage: izinin hukumar gari, domin dokar gine-ginen Mount Laurel ba ta yarda da gidan da iyali fiye da ɗaya za su zauna a cikinsa ba. A watan Oktoba na 1970 magajin garin, Bill Haines, ya zo cocin Jacob's Chapel da amsa. Ya shaida wa jama'ar da suka cika bencina cewa majalisa ba za ta taɓa amincewa ba, kuma wanda ba shi da ƙarfin zama a garin sai ya tattara ya bar shi. Mutanen da ake gaya wa haka, kaburburan kakanninsu suna nan a wajen tagar cocin. Yawancin waɗanda ake kare wa garin kuwa ko shekara ashirin ba su yi da zuwa ba.

Inda ake nufin su koma shi ne Camden, birnin da masana'antunsa suke mutuwa. Babban kamfanin ƙera jiragen ruwa na birnin ya rufe a 1967, tarzoma ta ɓarke a 1971, masu hali suna ta ficewa zuwa garuruwa irin su Mount Laurel. A 1971 ɗin ne wasu matasan lauyoyi masu kare talakawa, Carl Bisgaier da Kenneth Meiser da Peter O'Connor, suka shigar da ƙara a madadin Ethel Lawrence da 'yan'uwanta.

Dokar da ba ta ambaci kowa ba

A Kano ko Damagaram, idan ɗa ya isa aure sai a yanka masa sashe a cikin gida, a tayar da ɗaki da falo, gida yana ƙaruwa yadda iyali suke ƙaruwa. A yawancin unguwannin bayan gari na Amurka wannan karya doka ne. Fuloti ɗaya, gida ɗaya, iyali ɗaya. Doka ta faɗi mafi ƙarancin girman fili, ta faɗi tazarar da za a bari tsakanin gini da titi, ta faɗi iyakar tsawon bene, ta faɗi adadin wuraren ajiye mota. A birane da yawa kusan kashi 75 cikin ɗari na filayen zama haka aka ƙulle su.

Tsarin yana da tarihi. Birnin Berkeley na jihar Kalifoniya yana cikin na farko da suka ware unguwa don gidan iyali ɗaya kaɗai, a 1916. Wasu birane a lokacin ba sa ma ɓoye manufarsu, suna rubuta titin da baƙi za su zauna da wanda Turawa za su zauna. A 1917 Kotun Ƙolin Amurka ta soke irin wannan doka ta birnin Louisville. Amma a 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio, kotun ta halatta wa ƙananan hukumomi su rarraba filaye bisa irin ginin da za a yi a kansu. Alƙali George Sutherland, wanda ya rubuta hukuncin, har ya kamanta benen 'yan haya a unguwar masu gidan kansu da kaska. Daga nan garuruwa suka gane hanya. An hana ka rubuta launin fatar wanda ba ka so, amma ba a hana ka rubuta girman filin da ka san ba zai iya saya ba.

Mount Laurel ta ƙware a wannan fanni. A sashe mafi girma na filayen zama, kowane gida sai ya sami kusan rabin eka. Garin ya keɓe kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙasarsa don masana'antu, fiye da eka 4,000, alhali abin da masana'antu suka taɓa amfani da shi bai wuce kamar eka 100 ba. Sauran yana nan fayau, ba mai ikon gina ɗaki a kansa. Inda aka bar manyan kamfanoni su gina gidajen haya na masu hali, an gindaya sharuɗɗa masu ban mamaki. A wani rukunin gidaje, ba a yarda yaro ɗan makaranta ya zauna a gida mai ɗakin kwana ɗaya ba, mai ɗaki biyu kuma kada yara su wuce biyu. Idan ɗalibai suka haura uku a kowane gida goma, kamfanin ne zai biya kuɗin karatun rarar. Duk cikin dokar babu inda aka ambaci talaka ko baƙar fata. Ba a bukatar ambatonsu.

Kuɗin da ke ƙarƙashin magana

Wariyar launin fata tana cikin labarin, kuma duk wanda ya ce babu ita bai karanta tarihin ba. Sai dai ita kaɗai ba ta isa ta bayyana dalilin da ya sa unguwar masu kuɗi take yaƙar ginin da wasu masu kuɗin za su shiga ba. Akwai lissafi guda biyu a ƙasa.

Na farko, gida shi ne asusun Ba'amurke mai matsakaicin hali. Ya ci bashin banki na shekara 30 ya saya, duk wata yana biya, da nufin idan ya tsufa ya sayar ya ci gajiyar ko ya bar wa 'ya'ya. Masanin tattalin arziki William Fischel, a littafinsa na 2001, ya nuna abin da wannan yake haifarwa. Wanda ya zuba dukiyarsa a hannun jari yana iya rarraba ta kamfani-kamfani, idan wannan ya faɗi wancan ya tashi. Mai gida kuwa duk abin da ya mallaka yana kan titi guda. Yana iya yi wa gidan inshorar gobara, amma babu kamfanin da zai biya shi idan unguwa ta lalace farashi ya faɗi. Saboda haka ko da yiwuwar asara kaɗan ce, gara masa ya ce a'a. Idan ginin ya zama alheri, ribar ta wasu ce. Idan ya zama sharri, asarar tasa ce.

Na biyu, makarantun gwamnati a New Jersey da jihohi da yawa sun dogara ƙwarai da harajin gidaje na garin da suke ciki. Katafaren gida mai yaro ɗaya yana kawo haraji mai yawa, yana cin kaɗan. Ƙaramin gida mai yara huɗu akasin haka ne. Kansilan da ya iya lissafi zai so kanti da ofis da gidan tsofaffi, ya guji duk ginin da zai kawo ɗalibai. Lauyoyin Mount Laurel ba su ma musa wannan a kotu ba. Hujjarsu ke nan: gari yana da ikon kare aljihun masu biyan harajinsa.

Idan aka haɗa lissafin biyu, za a ga abin da ya sa maganar take fitowa iri ɗaya daga gabas zuwa yammacin ƙasar. Motoci za su cunkushe titi. Ba wurin fakin. Azuzuwa za su cika. Magudanar ruwa ba za ta ɗauka ba. Bene zai tare mana rana. Unguwa za ta canza kama. Wasu daga cikin waɗannan gaskiya ne, wasu kuma mayafi ne da ake lulluɓe abin da ba a son faɗa a fili, kuma sau da yawa mai maganar kansa ba zai iya raba maka su ba.

Wanda ba ya wurin taro

Dokokin Amurka sun tanadi cewa kafin a amince da babban gini, wani lokaci har da ƙarami, sai an yi zaman jin ra'ayin jama'a. Ana aika takarda ga masu gidajen da ke kusa da filin, a kafa allo a wurin, a sa ranar taro. A ido wannan dimokuraɗiyya ce tsantsa. Amma wace jama'a ce take zuwa?

Masana uku na Jami'ar Boston, Katherine Levine Einstein da David Glick da Maxwell Palmer, sun bi rubutattun bayanan irin waɗannan tarurruka a garuruwa 97 na kewayen Boston, daga 2015 zuwa 2017, suka gwada sunayen masu magana da rajistar masu zaɓe. Suka tarar masu tashi su yi magana sun fi sauran jama'ar garin shekaru, sun fi daɗewa a wurin, maza sun fi yawa, kuma mafi rinjaye masu gidan kansu ne. Kashi 63 cikin ɗari sun soki ginin da ake shawara a kansa, kashi 15 kacal suka goyi baya. Alhali a 2010, da aka kai wa masu zaɓen jihar Massachusetts tambayar ko a soke dokar da take sauƙaƙa gina gidaje masu rangwame, mafi rinjaye suka ce a bar ta. Akwatin zaɓe ya faɗi abu ɗaya, zauren taro ya faɗi wani.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wahalar sabon gini a kan mutane kaɗan take sauka, kuma sun san kansu: su ne za su sha ƙura da ƙarar injin kwaɓa siminti, su ne motar baƙo za ta tsaya a ƙofarsu. Amfaninsa kuwa ya warwatsu a kan mutanen da ba su ma san da maganar ba. Matar da za ta kama hayar gida na 14 a ginin, yau tana wani gari, wataƙila tana aikin dare a lokacin da ake taron. Ba a aika mata takarda ba domin ba ta da adireshi a unguwar, ba ta da adireshi kuwa domin ba a gina gidan ba. Kansila ba ya tsoron ƙuri'arta. Yana tsoron ta mutum hamsin ɗin da suke zaune a gabansa, waɗanda zai haɗu da su gobe a kanti.

Rijiya ta bayar, guga ya hana

A ranar 24 ga Maris, 1975, Kotun Ƙolin New Jersey ta yanke hukunci. Alƙali Frederick Hall ya ce ikon tsara filaye na jiha ne, aro aka ba ƙananan hukumomi, don haka dole su yi amfani da shi don amfanin jama'ar yankin baki ɗaya, har da waɗanda suke wajen iyakarsu. Kowane gari mai bunƙasa sai ya buɗe hanyar gina rabonsa na gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Babu wata kotu a Amurka da ta taɓa kaiwa nan.

Mount Laurel ta ce ta ji ta bi. Cikin ƙasarta mai faɗin eka kusan 14,000, ta ware eka 20 a wurare uku, wani fadama, wani a bayan kantuna, duk inda ta san gini zai yi wuya. Shekara takwas babu abin da ya motsa. A Janairun 1983 kotun ta dawo da zafinta ƙarƙashin babban alƙali Robert Wilentz. Ta naɗa alƙalai uku na musamman, ta kuma ba magina makami: idan gari ya ƙi sauke nauyinsa, kamfani yana iya kai ƙara, kotu ta ba shi izinin gini kai tsaye, muddin ya ware wani kaso na gidajen don masu ƙaramin ƙarfi. Nan fa hankalin garuruwa ya tashi. A 1985 majalisar jihar ta yi doka ta mayar da lamarin hannun wata hukuma, ta kuma bar ƙofar baya: gari mai kuɗi yana iya biyan birni matalauci ya ɗauke masa har rabin rabonsa. Ba a toshe wannan ƙofa ba sai a 2008.

Ethel Lawrence ta rasu a 1994, ba ta ga ko bulo ɗaya ba. Sai a 1997 maganar ginin ta zo gaban hukumar tsara garin, ɗaruruwan mutane suka cika zauren, ana ihu ana cewa za a kwaso musu miyagun Camden. Hukumar ta amince domin ba ta da mafita a doka. Gidaje 100 na farko suka buɗe a ƙarshen 2000, aka ƙara 40 daga baya, aka sa wa rukunin sunan Ethel Lawrence. Daga amsar magajin gari zuwa miƙa makullin farko, shekara 30.

Jinkiri shi ne babban makamin mai adawa, kuma ba ya bukatar ya ci shari'a. Mai gini yana biyan ruwan bashi da lauya da harajin fili duk wata. Mai adawa ba ya asarar komai in ban da 'yan awoyin dare. A nemi a sake nazarin zirga-zirgar motoci, wata shida sun tafi. A ɗaukaka ƙara, shekara biyu. Wankin hula ya kai dare, mai gini ya gaji ya rage gidaje ko ya haƙura.

A garin Lafayette na Kalifoniya, wani kamfani ya nemi gina gidajen haya 315 a 2011, kusa da tashar jirgin ƙasa mai zuwa San Francisco. Maƙwabta suka tayar da ƙura, aka sasanta a kan manyan gidaje 44. Maƙwabtan suka ce su ma sun yi yawa, suka kai maganar ga ƙuri'ar raba gardama a 2018, suka kayar da ita. Kamfanin ya koma kan 315 ɗinsa na farko, yana dogaro da wata dokar jiha ta 1982 da ta hana gari ƙin ginin da ya cika ƙa'ida. Majalisar garin ta amince a 2020, aka sake kai ƙara, shari'a ba ta ƙare ba sai 2023. A Woodside kuwa, wani garin attajirai, hukuma ta sanar a farkon 2022 cewa garin gaba ɗayansa mazaunin zakin dutse ne, dabbar da ake neman karewa, don haka sabuwar dokar jihar ta raba fuloti ba za ta yi aiki a can ba. Babban lauyan jihar, Rob Bonta, ya ja musu kunne, suka janye cikin 'yan kwanaki.

Da aka gina, me ya faru?

Abin da ya bambanta Mount Laurel da sauran shi ne an dawo an auna. Douglas Massey na Jami'ar Princeton da abokan aikinsa sun ɗauki abubuwa uku da aka fi tsoro a 1997, wato laifuka da faɗuwar farashin gidaje da hauhawar haraji, suka gwada Mount Laurel da garuruwa uku masu kama da ita: Cherry Hill da Cinnaminson da Evesham. Sakamakon ya fito a littafinsu na 2013. Ba su ga wani bambanci da za a jingina wa sabbin gidajen ba, ko a unguwannin da suke jikinsu. Da suka zagaya suna tambayar maƙwabta, da yawa ba su ma san gidajen masu ƙaramin ƙarfi ne a kusa da su ba.

Sun kuma gwada waɗanda suka sami gidan da waɗanda suka nema ba su kai ga samu ba. Na ciki sun fi samun aiki, kuɗin shigarsu ya fi, fargaba da damuwa sun ragu musu, yaransu sun fi zama su yi karatu a gida.

Wannan nasara ba da ka ta zo ba. Masu ginin, ƙarƙashin Peter O'Connor, sun ɗauki tsoron maƙwabta da muhimmanci. Ba su tayar da dogon bene ba. Sun yi gidaje masu hawa biyu irin na unguwar, da ciyawa da itatuwa da tituna masu lanƙwasa, yadda mai wucewa ba zai bambanta su da na kewaye ba. Sun cakuɗa masu samun kashi 10 cikin ɗari na matsakaicin kuɗin shigar yankin da masu samun har kashi 80, don kada talauci ya taru wuri guda. Ana tantance mai neman haya, akwai ofishin kula a cikin rukunin, akwai wurin da yara suke aikin gida bayan makaranta. Ƙorafin maƙwabta ya yi amfani wajen gyara yadda aka yi ginin. Ɓarnarsa ita ce shekarun da ya ci yana hana a fara.

Iyakar haƙƙin maƙwabci

Ba za a ce a toshe bakin unguwa ba, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zaman jin ra'ayi ma daga zalunci ya samo ƙarfinsa. A shekarun 1950 da 1960 gwamnatoci sun ratsa manyan hanyoyi ta tsakiyar unguwannin talakawa da baƙar fata, suka rushe dubban gidaje ba tare da sun tambayi kowa ba. Mutane irin su Jane Jacobs, wadda ta jagoranci hana wata babbar hanya keta kudancin Manhattan, su suka tilasta a riƙa sauraron mazauna. Abin da ya biyo baya shi ne garkuwar da aka ƙera wa marar ƙarfi ta fi amfanar mai lauya da lokacin zuwa taro.

Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da tattauna rigimar gini tsakanin maƙwabta, kuma ma'auninsu yana da amfani a nan. Maƙwabci yana da ikon hana tagar da za ta leƙa tsakar gidansa, da indararon da zai zubar masa da ruwa a bango, da hayaƙin da zai cutar da shi. Cutar da za a iya nunawa ita ake kawarwa. Ba a ba shi ikon hana wani ya yi gini a filinsa don kawai ya saba ganin wurin fayau ba. Gyare-gyaren da suka fi tasiri a 'yan shekarun nan kusan wannan layin suke bi. Birnin Minneapolis ya amince a 2018 a riƙa gina gida mai ɗaukar iyali uku a fulotin da a da na iyali ɗaya ne. Jihar Oregon ta yi makamancin haka a 2019, Kalifoniya a 2021. Birnin Auckland na New Zealand ya sassauta ƙa'ida a kan kusan kashi uku cikin huɗu na filayen zamansa a 2016, izinin gini ya ninka cikin 'yan shekaru. Dabarar ɗaya ce: a yi muhawara sau ɗaya, a matakin birni ko jiha inda ɗan haya da mai gida duk suke da ƙuri'a, a rubuta ƙa'ida a fili, sannan duk wanda ya cika ta a ba shi izini ba tare da sabon taro ba.

Mu ma muna da namu gadon. Unguwannin Turawa na Kano da Kaduna da Zariya, waɗanda suka zama GRA, an shata su da manyan fuloti da filin da ba a gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, kuma dokar garuruwa ta Lugard ta 1917 ta ƙarfafa wannan tsari. Yau ana yanka waɗannan fuloti, benaye suna tashi, tsofaffin mazauna suna gunaguni. Sai dai ciwonmu ya fi karkata ɗaya gefen: sau da yawa maƙwabci ba ya jin labari sai ya ga tifa ta juye yashi, ko da a kan hanyar ruwa ne. Yayin da muke neman a ba unguwa murya, kuma ya kamata a ba ta, sai mu san irin muryar da muke nema. A ba ta ikon cewa a matsar da taga, a faɗaɗa kwata, a bar hanya, a kuma sa wa'adin da dole hukuma ta yanke magana. Ikon cewa kada kowa ya ƙara zuwa, New Jersey ta gwada barinsa a hannun garuruwa, ta kuma shafe rabin ƙarni, har zuwa sabuwar dokarta ta 2024, tana ƙoƙarin karɓe shi.

Izini kuma rabin aiki ne. Bayan an samu, sai a fuskanci kuɗin fili da siminti da ruwan bashi, waɗanda su ne suke yanke ko gidan da aka gina zai shiga hannun ma'aikaci ko zai fi ƙarfinsa. Lissafin da babi na gaba zai warware ke nan.